Ka Iya Aiki, Mun Ji, Ina Shaidarka?

A zangunanmu ba a rasa gwanaye. Ka bi ta Nima ko Mamobi ko Sabon Zango a Akra, ka haura Kumasi ka shiga Aboabo da Asawase, ko ka leƙa Magazin na Suame inda ƙarar guduma ba ta tsayawa tun safe, za ka tarar da mutanen da hannunsu ya san abin da bakinsu ba zai iya tsarawa ba. Tela mai shekara 15 a kan keke. Fita da ke gane ciwon inji daga ƙararsa kawai. Hajiya mai wake da shinkafa wadda take ciyar da layi guda kafin ƙarfe goma na safe, ba ta taɓa rubuta komai ba.

Amma ranar da wani kamfani a Tema ya buɗe gurbin mai kula da sashe, ko makaranta ta fitar da kwangilar ɗinkin yunifom, ko aka zo tantance masu sana'a don ba su satifiket, ba a tsayawa kan "na daɗe ina yi". Sai a miƙo takarda da biro a ce: zana mana yadda aikin yake tafiya, daga inda ya shigo har inda ya fita, ka nuna mana inda yake maƙalewa, ka kuma kawo abin da zai tabbatar kai ka gano haka. A nan ake barin namu a baya, a ɗauki wanda bai kai su hannu ba amma ya zo da fayil.

Ra'ayina shi ne, ya kamata duk mai sana'a da duk yaron shago ya koyi zana taswirar aikinsa, ya kuma riƙa tara shaidar hakan tun yana cikin aikin, a hankali, da datti da gumi a jikin takardar. Wannan ta fi hoton bikin yaye ɗalibai da ake ratayawa a bango, ta kuma fi wasiƙar masta mai layi uku da ke cewa yaro yana da ladabi.

Taswirar aiki ba wani abin tsoro ba ce. Wanda ake danganta ta da shi ma magini ne, Frank Gilbreth, ɗan Amurka, wanda ya fara da jera bulo. Ya lura kowane magini da irin nasa motsin, wani ya sunkuya sau biyu, wani ya juya bulon a hannu yana neman fuskarsa mai kyau. Sai ya zauna ya ƙirga, ya rage motsin jera bulo ɗaya daga 18 zuwa kamar 5. A 1921 shi da matarsa Lillian suka gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin Amurka hanyar zana tafiyar aiki a takarda, a 1947 kuma ƙungiyar ta tsayar da alamomi biyar da har yau ake amfani da su. Da'ira na nufin ana yin aiki a kan abin. Kibiya, an ɗauke shi daga nan zuwa can. Akwati mai kusurwa huɗu, ana duba shi. Alama mai kama da harafin D, yana jira. Mai kusurwa uku kuma, an ajiye shi. Shi ke nan. Ba Turanci a ciki, ba lissafi mai wuya.

Mu ɗauki shagon tela a Aboabo ana saura mako uku salla, don kowa ya san wannan tashin hankalin. Mutum ya kawo shadda. An gwada shi, an rubuta awon a littafi idan littafin yana kusa, idan ba ya nan a rubuta da alli a jikin yadin. Yadi ya shiga tarin da ke ƙarƙashin tebur. Nan sai ka zana D, ka rubuta kwana nawa ya yi. An ciro, an yanka, da'ira ke nan. Yaro ya ɗauki gaban rigar ya hau adaidaita, wadda a nan muke ce wa pragiya, ya kai wa mai aikin wuya a wata unguwa, kibiya. Can ma akwai nasa tarin, wani D. An ɗauke wuta, wani D. Ya dawo, an haɗa, sai aka ga maɓalli ya ƙare, yaro ya sake nufar Kejetia, kibiya zuwa, kibiya dawowa. An yi guga. Mai riga ya zo ya gwada, hannu ya yi tsawo, domin allin da aka rubuta awon da shi ya goge tun ranar farko. An koma kan keke.

Idan ka jera wannan a takarda ka haɗa lokutan, za ka ga abin da zai sa ka riƙe baki: rigar da aikin hannun da ke cikinta bai wuce na yini ɗaya ba, ta kwana fiye da goma a shago. Sauran duk jira ne da yawo. Masta kuwa kullum faɗansa shi ne yara ba su da sauri a keke. Alhali keken ba shi ne matsalar ba. Wanda ya iya ganin wannan, ya nuna shi a zane, ya ce mu riƙa kai wa mai aikin wuya riguna biyar-biyar kowace safiya maimakon mu tara talatin, mu sayi maɓalli da zare tun kafin azumi, mu ɗaura wa kowane yadi kati mai awo da ranar karɓa, to wannan ya wuce mai ɗinki kawai. Ya zama wanda za a iya danƙa wa shago. Abin da masu ɗaukar ma'aikata ke nema su gani ke nan, kuma shi ne abin da ya fi wuyar nunawa da baki a cikin minti goma na ganawa.

Sai dai zanen shi kaɗai ba shaida ba ne, kuma a nan nake ganin matasanmu masu ɗan ilimin boko suke yaudarar kansu. Mutum zai je shagon kwamfuta a buga masa taswira mai launi, akwatuna a jere kamar sojoji, ko ya sa manhajar waya ta ƙirƙiro masa cikin minti biyu. Mai tantancewa da ya san aikinsa, kallo ɗaya zai yi mata ya ajiye. Ya san ba shagon da aiki ke tafiya sumul haka. Taswirar da ba jira a cikinta, ba komawa baya, ba inda aka yi kuskure aka sake, taswirar yadda ake so aiki ya kasance ce, ba yadda yake ba. Zai yi maka tambaya ɗaya, "a wannan matakin, wa ke riƙe da makullin sito idan masta ya tafi masallaci?", sai ka fara inda-inda.

Tsarin tantance ƙwarewa ta hanyar shaida ya yi ƙarfi ne a Ingila tun daga 1986, lokacin da suka kafa hukumar satifiket na sana'o'i, inda ake zuwa wurin aikin mutum a ga abin da yake yi maimakon a zaunar da shi a ɗakin jarrabawa. Masu tantancewa a irin wannan tsari, a ko'ina suke, manyan tambayoyinsu sun haɗa da waɗannan huɗu: abin da ka kawo naka ne da gaske? Ya dace da ƙwarewar da kake iƙirari? Na kwanan nan ne, ko tun zamanin da kake yaron shago? Ya isa, ko sau ɗaya ka yi aka yi sa'a?

Saboda haka takardar farko, wadda ka zana a tsaye kana bin yadi daga tebur zuwa tebur, mai goge-goge da tabon man keke, kada ka yar da ita. Ita ce zinariyar fayil ɗin. Ka sa mata kwanan wata. Ka ajiye ɗan littafin da ka riƙa rubuta lokuta, ƙarfe nawa abu ya shigo, ƙarfe nawa ya bar hannun wane. Ka ɗauki hoton tarin yadin nan kafin gyara, waya ai da kanta take riƙe ranar da aka ɗauka. Ka nuna wa waɗanda suke yin aikin zanenka, su gyara maka, domin yaron da ake aika Kejetia ya fi masta sanin inda lokaci ke zubewa. Ka bar gyaran nasu a jikin takardar, da hannunsu in zai yiwu. Sannan zane na biyu bayan an canza tsari, da lissafin da ke nuna riga ta koma kwana nawa. Ko da gyaran bai ci ba, ka rubuta cewa bai ci ba da dalili. Wallahi mai tantancewa ya fi yarda da wanda ya kawo gwaji biyu, ɗaya ya faɗi ɗaya ya tsaya, a kan wanda komai nasa nasara ne. Kuma kada ka tsaya kan aiki ɗaya: ka zana karɓar aiki, ka zana sayen kaya, ka zana yadda ake karɓar cikon kuɗi ta momo da wanda ke rubutawa. Duk wannan ba aikin dare ɗaya ba ne, watanni yake ci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan Ghana ƙofar a buɗe take, ko da yake da yawa daga cikinmu ba su san da ita ba. A 2020 majalisa ta yi doka mai lamba 1023 wadda ta haɗe tsohuwar COTVET da NABPTEX ta kafa hukumar CTVET mai kula da ilimin sana'a da fasaha. Ƙasar tana da tsanin satifiket na sana'a mai hawa takwas, kuma hawa biyu na ƙasa an yi su ne musamman saboda waɗanda suka koyi aiki a hannun masta, ba a aji ba. Akwai kuma tsarin amincewa da abin da mutum ya riga ya iya, wanda suke taƙaitawa RPL: ba sai ka koma makaranta ka zauna da sa'o'in ƙannenka ba, ka kawo shaidar abin da ka iya, a duba, a gwada ka, a ba ka matakin da ka cancanta. To da me za ka je? Mutumin da ya yi shekara 10 a gareji bai ajiye ko takarda ɗaya ba, dole ya fara tarawa daga yau kamar wanda ya shigo jiya.

Na san abin da wasu dattawan sana'a za su ce, don na sha jinsa a bakinsu: takarda ba ta ɗinka riga, biro ba ya kwance gambun inji. Suna da gaskiya har wani wuri. Akwai masu satifiket da ba za ka ba su keken ɗanka su gyara ba. Akwai kuma sanin da ba ya zanuwa, kamar yadda fita ke jin zaren noti ya kusa cinyewa tun a yatsa. Taswira ba ta maye gurbin wannan, kuma mai tantancewa na kirki dole ya tsaya ya ga hannunka a kan aiki. Amma maganar ba a kan hannu take ba. A kan wa za a ba shugabancin masu hannu take. Muddin muka ce zane aikin 'yan boko ne, mun yarda ke nan mu riƙa yin aikin wasu na tsara mana shi, suna karɓar albashi ninki biyu.

Babban cikas a ganina ba gwamnati ba ce, masta ne. Shaidar wanda ya gan ka kana aiki tana da nauyi a fayil, kuma mafi yawan lokaci masta ne ko babban yaron shago zai sa hannu. Nan kuwa ana samun iri biyu, kowanne da ɓarnarsa. Akwai wanda zai ƙi sa hannu ƙememe, domin ya san yaron da ya samu satifiket gobe zai buɗe nasa shagon a tsallaken titi, ko kuma yana jin zanen nan tona asirin sana'arsa ne. Wani ma fushi yake yi don taswira ta nuna jiran da ya fi tsawo a shagon shi ne jiran masta ya dawo daga yawonsa ya yanka. Akwai kuma mai sa hannu a kan komai ba tare da ya karanta ba, wai don ya taimaki ɗan uwa. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro. Shaidar zur ce ko da da kyakkyawar niyya aka yi ta, kuma in masu tantancewa suka gane takardun da ke fitowa daga unguwanninmu haka ake cike su, wanda ya yi aikin gaskiya ma ba za a ƙara yarda da tasa ba. Masta, idan za ka sa hannu, ka rubuta abin da ka gani da idonka, da ranar da ka gani: yaron nan ya bi aikin mota kaza daga ƙofa zuwa ƙofa, ya zana, mun gwada shawararsa sati biyu. Layi biyu irin wannan sun fi shafi guda na yabo.

Iyayenmu mata masu sarrafa abinci ma maganar ta shafe su, watakila fiye da kowa. Mai haɗa shito a kwalba, mai garin koko, mai yaji, mai zoɓo da burkina a roba, duk wadda take so kayanta su bar bakin titi su hau kantar babban shago sai ta bi ta hukumar FDA. Tsarin kiyaye lafiyar abinci da duniya ta amince da shi, wanda ake kira HACCP, yana cikin matakansa na farko a zana tafiyar abincin tun daga sayen ɗanyen kaya har rufe murfi, sannan a je wurin a tabbatar zanen ya yi daidai da abin da ake yi. Dalilin a fili yake: sai ka ga matakan a jere kake gane cewa shiton yana hucewa a buɗe kusa da inda ake wanke kifi, ko kwalaben da aka wanke suna kwana a ƙasa kafin a cika su. Hajiya ta san kowane mataki a kanta. Abin da ya rage shi ne 'yarta da ke sakandare ta zauna kusa da ita da littafi, Hajiya tana faɗa tana nunawa, yarinya tana zanawa. Amma a rubuta a jiki cewa bayanin na Hajiya ne, don ranar tambaya ita za ta amsa.

Wannan ya kawo ni kan abin da nake nema daga CTVET da cibiyoyin da take ba izinin tantancewa. Idan da gaske ƙwarewa ake aunawa, to kada Turanci ya zama shingen da ba a rubuta a doka ba. Wanda ya zana taswirarsa da alamomin nan biyar, ya rubuta sunayen matakan da Hausa, ko da ajami ne, ya kuma yi bayani da baki da Hausa ko Tiwi ko Dagbanci aka naɗa a waya, ya nuna abin da ake so ya nuna. A samo masu tantancewa da ke jin harsunan kasuwa, ko a yarda da tafinta. Asusun raya zanguna da aka kafa da doka a 2017 ya sa koyar da sana'a cikin ayyukansa; ina ganin biya wa gwanayen da suka riga suka iya aiki kuɗin tantancewa ya fi araha, ya kuma fi saurin amfani, a kan tara matasa horon mako biyu a raba musu kekuna a ɗauki hoto.

Ga masu aiki a kamfanoni da asibitoci da ofisoshi kuma, a yi hattara da abu biyu. Kafin ka ɗauki hoton komai ko ka kwafi takardar wurin aiki zuwa fayil ɗinka, ka nemi izinin shugabanka, a rubuce in da hali. Sunayen abokan ciniki, lambobin wayarsu, bayanan marasa lafiya, duk a rufe su; Ghana tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, kuma neman satifiket ba uzuri ba ne a gabanta. Na biyu, abokan aikinka za su tsargu idan suka gan ka da agogo da littafi kana bin su. Ba su yi laifi ba, domin an sha yin amfani da irin wannan zane a rage ma'aikata. Ka gaya musu tun farko me kake yi da dalilinsa, ka bi kayan aikin kana ƙirga lokacinsa, kada ka bi mutum kana ƙirga nasa, kuma kada sunan kowa ya fito a matsayin shi ne jinkirin.

Ƙungiyoyin sana'a su ne suka fi kowa ikon mayar da wannan al'ada. Ƙungiyar teloli ta ƙasa da ta masu gareji suna da rassa har cikin unguwanninmu, su ne kuma suke shirya gwaji da bikin yaye yara. Ba abin da zai hana reshe ya ce daga bana duk yaron da za a yaye sai ya kawo, ban da rigar gwaji ko injin da ya haɗa, littafi guda mai zane uku na aikin shagonsu, kowanne da kwanan wata da sa hannun wanda ya gani. Kuɗin littafin bai kai na lemon da ake rabawa a bikin ba, kuma masta biyu daga wani shagon daban za su iya zama su yi wa yaron tambayoyi a kansa kafin a ɗaura masa kambu.